Wa Ke Biyan Kuɗin Haƙuri? Nazarin Sulhu a Gonakin Rani na Kadawa

Duk wanda ya yi 'yan shekaru yana kiwon ikilisiya a karkara ya san yawan lokacin da raba gardama ke ci masa. Yau iyakar gona, gobe bashin taki, jibi rabon gado. An koya mana, mu ma muna koya wa ɗalibai, cewa sulhu ya fi zuwa kotu: ya fi sauri, ya fi sauƙin kuɗi, kuma bayan an tashi mutane za su iya gaisawa a kasuwa. Mun yarda da haka. Amma abin da aka yarda da shi ba tare da an gwada ba yakan zama al'ada kawai. A wannan darasi za mu kai sulhu wuri guda inda ake iya ganin sakamakonsa da ido, mu ga inda yake da ƙarfi da inda yake kāsawa. Wurin shi ne Kadawa da gonakin rani da ke kewaye da ita, a ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam ta Jihar Kano.

Mun zaɓi wannan wuri ne saboda rigimar ruwa ba ta ɓoye komai. Idan an sasanta mata da miji, babu mai iya shiga zuciyarsu ya ga ko gyaran ya kama. Idan kuwa an sasanta manoma biyu a kan ruwa, bayan kwana goma gonar da kanta za ta ba da shaida.

Yadda aka tsara wurin

An gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano a zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala ta a 1974. Daga can ruwa yake gangarowa ta babban kanal, ya bi ta Ruwan Kanya, ya rabu gida biyu, reshen gabas da reshen yamma, sannan ya shiga ƙananan magudanai har ya kai bakin gona. Ba inji ke tura shi ba, gangaren ƙasa ne. Kashi na farko na aikin an tsara shi ya kai hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ce mai kula da shi. A Kadawa aka fara gonar gwaji, kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da tashar bincike a can.

Tun ranar da aka fara aikin aka shuka irin rigima. Tafkin Tiga ya ci garuruwa, dubban mutane suka tashi. A ƙasa kuma an haɗa gonakin gado, aka baje su, aka sake yanka su daidai da layin magudanai, aka mayar wa masu su bayan an rage wani kaso domin hanyoyi da kanal. Tsohuwar iyaka da dattawa suka sani, ta kuka ko ta suri, ta ɓace. Tina Wallace, wadda ta yi bincike a yankin a shekarun 1970, ta nuna cewa masu ƙarfi da masu kuɗin sayen taki da biyan lebura su ne suka fi cin moriyar aikin, ƙananan manoma da yawa kuwa suka koma ba da gonakinsu haya. Cecile Jackson ta yi nazarin yadda aikin ya shafi mata. Masu zanen sun yi lissafin alkama da rani. Manoma suka bi kasuwa, suka rungumi shinkafa da tumatir da masara da albasa, kuma shinkafa tana shan ruwa fiye da abin da aka yi lissafi da shi. Da shekaru suka tafi, yashi da ciyawar kacala suka toshe magudanai, ƙofofin ruwa suka lalace.

Mun kawo wannan tarihi ne domin mai sulhu ya san cewa mutanen da ke zaune a gabansa ba su ne suka ƙirƙiro dukan matsalarsu ba.

Na kai da na wutsiya

Mu ɗauki misali, ba da sunan kowa ba. Manoma biyu suna shan ruwa a magudana ɗaya. Gonar na farko tana kusa da ƙofar ruwa, ta na biyu tana can ƙarshe. Cikin watan Fabrairu ruwa ya yi ƙaranci. Na farko ya tare magudana da buhun yashi da dare, ya cika gonarsa. Tumatirin na biyu yana fure, ya kwana tara bai sha ba. Ya zo ya yaye buhun, aka yi zage-zage, har aka ɗaga fartanya. Aka kai su gaban manya.

Mun san yadda irin wannan zama yakan tafi, domin mu ma mun sha jagorantarsa. A saurari wannan, a saurari wancan. A ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari: wannan ya tare ruwa, wancan ya yi zagi. A tuna musu cewa tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. A ce kowa ya yi haƙuri. Su yi musafaha, a yi addu'a, a tashi. Kowa ya ce an yi sulhu.

To, mu tambayi kanmu, me ya canza? Na kai ya riga ya sha ruwansa, haƙurinsa bai rage masa ko kwando ɗaya ba. Na wutsiya furensa ya zube, kuma taki da irin da ya ci bashi ya saya suna nan a wuyansa. Kalmar haƙuri ɗaya aka faɗa wa mutum biyu, amma mutum ɗaya ne ya biya kuɗinta. Kuma tun da gonakin ba za su canza wuri ba, mako mai zuwa ruwan zai sake biyowa ta gonar na kai kafin ya iso ta na wutsiya. Wannan shi ne babban zarginmu ga sulhu kamar yadda muka saba yinsa: yana kwantar da murya, ya bar asara inda ya same ta.

Wannan zargi ba sabo ba ne. A 1984 wani malamin shari'a na Jami'ar Yale a Amurka, Owen Fiss, ya rubuta maƙalar da ta yi suna yana sukar sasantawa a wajen kotu. Hujjarsa ita ce, idan ɓangarori biyu ba su daidaita a ƙarfi ba, yarjejeniyar da za su ƙulla hoton ƙarfinsu ce, domin matalauci yakan karɓi kaɗan yau saboda ba zai iya jiran mai yawa gobe ba. Ba mu bi shi har ƙarshen hanya ba, don kotun da yake dogara da ita ba irin wadda manomin Kadawa zai iya jira ba ce. Shari'ar da za a ɗage wata uku ba ta da amfani ga tumatirin da zai bushe cikin mako biyu. Amma gargaɗinsa ya kama mu.

Zauren dagaci

Ƙofa ta farko da mutane ke ƙwanƙwasa ita ce ta mai unguwa da dagaci, in ta gagara a wuce wurin hakimi. Ƙarfin wannan ƙofa a fili yake. Tana kusa, ana magana da harshen da kowa ke ji, kuma mai sauraron ya san wanda ya gaji gona da wanda ya karɓe ta jingina. Maƙwabtanmu Musulmi suna da dogon ilimi a kan wannan. Littattafan fikihun Malikiyya da alƙalai ke karantawa, kamar Tuhfa ta Ibn Asim, suna da babi na musamman a kan sulhu, kuma ƙa'idarsu sananniya ce cewa sulhun da ya halatta abin da aka haramta ba shi da inganci. Wato su ma sun gane cewa ba kowace yarjejeniya ce ta cancanci sunan ba. Hukumar Hisba ta Kano, wadda aka kafa da doka a 2003, ita ma yawancin aikinta na yau da kullum sasanta iyali da masu bashi ne.

Raunin zauren guda biyu ne. Na farko, tun gyaran kotuna na 1967 da 1968 da ya rushe kotunan sarakuna a Arewa, mai sarauta ba shi da ikon yanke hukunci. Yana da kwarjini, amma idan mai ƙarfi ya ƙi bin abin da aka shirya, ba shi da sandar da zai tilasta masa. Na biyu, mai sarauta shi ma manomi ne, yana da gona a wani wuri a kan kanal ɗin, yana da surukai da abokan ciniki. Ba muna cewa masu sarauta ba su da gaskiya ba ne. Muna cewa ɗan ci-rani da ya karɓi gona haya, ko gwauruwa, ko ɗan ƙaramar al'umma a gari, yakan shiga zauren yana jin an riga an san inda maganar za ta faɗi.

Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta amince da hukuncin dattawa bisa al'ada a shari'ar Agu da Ikewibe ta 1991, amma da sharuɗɗa. Daga cikinsu, dole ɓangarorin su zo da yardarsu, a bayyana abin da aka yanke, kuma ya zama sun karɓe shi a lokacin da aka yanke. Mu lura da kalmar yarda. Mutumin da ya sunkuyar da kai domin ba ya son a ce ya raina manya, a gaskiya bai yarda ba, ya yi shiru ne kawai.

A nan Jamhuriyar Nijar ta fi mu tsari. Dokar karkara ta 1993 ta sa dole a fara kai rigimar gona ko ta makiyaya wurin mai sarauta domin sasantawa kafin a je kotu, kuma a rubuta sakamakon a takarda, ko an daidaita ko ba a daidaita ba. Takardar da ke cewa ba a daidaita ba ita ce ke buɗe ƙofar alƙali. Darasin yana da girma: sulhun da ya gaza yana da hanyar fita mai mutunci, kuma wanda ya ƙi sa hannu ba a ɗaukarsa mai taurin kai.

Ƙungiyar masu amfani da ruwa

Ƙofa ta biyu ita ce ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa. An fara ƙoƙarin kafa su a wannan aiki tun shekarun 1990, aka ƙara musu ƙarfi a ƙarƙashin shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 da kuɗi kimanin dala miliyan 495, domin gyara manyan ayyukan noman rani na Arewa, har da na Kogin Kano da Kwarin Hadeja da Bakolori. Manufar ita ce manoma su riƙe ƙananan magudanai da kansu, su tara kuɗin ruwa, su yi yasa, su tsara ranakun sha, su kuma warware saɓaninsu.

A ganinmu wannan ita ce ƙofar da ta fi dacewa da rigimar ruwa, saboda tana iya taɓa abin da zaure ba ya iya taɓawa, wato jadawalin. Elinor Ostrom, wadda ta sami lambar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta yi nazarin al'ummomin da suka daɗe suna raba ruwa da daji da makiyaya ba tare da sun cinye juna ba. Ta tarar suna da wasu abubuwa iri ɗaya: dokar da masu amfani suka sa hannu wajen tsarawa, masu sa ido da ke amsa wa jama'a, tara mai hawa daga ƙarama zuwa babba, da wurin sauraron ƙara mai sauri da arha.

Misalin da ya fi shahara yana birnin Balensiya a Sifaniya. Kowace Alhamis da tsakar rana, wakilan magudanai takwas, waɗanda manoma suka zaɓa daga cikinsu, suna zama a bakin ƙofar babbar majami'ar birnin, su saurari ƙarar satar ruwa da baki, su yanke a take. Wakilin magudanar da masu rigimar suka fito ba ya sa baki a hukuncin. Ɗaruruwan shekaru ke nan ana yi, kuma UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2009. Abin lura gare mu shi ne, majami'a ta ba da inuwar ƙofarta, amma manoma ne ke yanke maganar ruwansu.

Inda muke jin tsoro game da irin waɗannan ƙungiyoyi shi ne wajen wakilci. A ayyukan ban ruwa da yawa, masu gonakin kai da manyan manoma sun fi samun lokaci da baki a taro. Idan rajistar ƙungiya ta masu gona ce kawai, to mai haya, wanda shi ne ya zuba kuɗinsa a ƙasa a wannan rani, ba shi da ƙuri'a. Mace mai noma ta hannun ɗanta ko ɗan'uwanta ba a jin muryarta. Makiyayi ba ya cikin lissafi sam. Kuma ƙungiyar da aka raina da kuɗin shiri tana bukatar a ga ko za ta tsaya da ƙafarta bayan shirin ya naɗe tabarmarsa. Ma'aunin da za mu auna kowace ƙungiya da shi mai sauƙi ne: an taɓa cin tarar babban mutum, ya kuma biya?

Kotu mai ƙofofi da yawa

Ƙofa ta uku ta gwamnati ce. Wani malami a Jami'ar Harvard, Frank Sander, shi ya kawo shawarar a 1976 cewa gidan shari'a ya zama yana da ƙofofi daban-daban, a tura kowace rigima inda ta dace, wata wurin alƙali, wata wurin mai sasantawa. Legas ta buɗe irin wannan a 2002, Kano ta buɗe nata a 2009 a ƙarƙashin Babbar Kotun Jiha. Amfaninsa shi ne, idan an daidaita aka sa hannu, alƙali ya amince, yarjejeniyar takan zama kamar hukuncin kotu. A watan Mayu na 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar tarayya ta sasantawa, wadda ta maye gurbin ta 1988. Ta tanadi cewa yarjejeniyar sulhu da aka rubuta tana ɗaure ɓangarorin kuma ana iya tilasta ta, abin da aka faɗa a wurin sulhu sirri ne, kuma lokacin da aka ɓata ana sasantawa ba ya cin wa'adin shigar da ƙara.

Wannan ci gaba ne, kuma ya kamata kowane shugaban ikilisiya ya san da shi. Amma an ɗinka rigar ne da awon 'yan kasuwa da kamfanoni. Manomin da ruwansa ya yanke ranar Talata ba zai shiga mota zuwa birni ya cika takarda ba. Inda wannan ƙofa za ta yi amfani a Kadawa shi ne rigimar da ke da takarda da kuɗi mai yawa: hayar gona ta shekaru, bashin kayan noma, ko cinikin amfanin gona tsakanin ƙungiyar manoma da mai saye. Masana'antar tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016 ta tsaya ba da daɗewa ba, a shekarar da tsutsar tumatir ta cinye gonaki, kuma daga baya batun farashi tsakaninta da manoma ya zama abin jayayya. Idan kasuwar Kwanar Gafan ta yi tsada manomi yana so ya kai can, idan ta faɗi yana so masana'anta ta ɗauka. Irin wannan saɓani ba a gyara shi da musafaha. Yana bukatar yarjejeniya a rubuce tun kafin shuka, da wanda aka amince zai raba gardama idan ta taso.

Abin da ya fi ƙarfin zama ɗaya

Akwai rigimar da tushenta ya wuce mutanen da ke faɗan. Kafin noman rani, da an gama girbi makiyayi yakan shigo da shanunsa su ci kara su bar taki, kowa ya amfana. Yanzu gona kore ce rani da damina, burtali ya matse, hanyar mashaya ta bi ta tsakiyar albasa. Idan shanu sun yi ɓarna a biya diyya, wannan daidai ne. Amma mai sulhun da ya tsaya a diyya bai tambayi inda burtalin ya tafi ba, to ya shirya dawowa baɗi.

Haka kuma dukan Kadawa ita ce ta kai idan aka duba kogin gaba ɗaya. Tiga da madatsar Challawa, wadda aka kammala a 1992, sun rage ambaliyar da fadamun Hadeja da Nguru suka dogara da ita domin kifi da kiwo da shinkafa. Sai da gwamnonin jihohi shida na wannan kwari suka haɗu a Damaturu a 2006 domin neman tsarin raba ruwan. Wanda yake na wutsiya a magudanarsa, shi ne na kai ga mutumin Gashuwa. Mun kuma san abin da ke faruwa idan babu inda za a saurari kuka. A Bakolori, cikin Afrilu 1980, jayayyar diyyar gonaki ta ƙare da 'yan sanda sun buɗe wuta, aka kashe manoma da dama.

Sannan akwai abin da bai kamata a kawo shi teburin sulhu ba ko kaɗan: kisa, fyaɗe, cin zarafin yara, da duka mai barazana ga rai. Wanda ya rufe irin wannan da sunan zaman lafiya ya zama abokin mai laifi.

Namu kuskuren

Yanzu mu juyo gida. Sau da yawa mukan ɗauko 1 Korintiyawa sura 6 mu hana masu bi zuwa kotu, mu manta cewa a wannan wurin Bulus ya tsauta wa masu cutar 'yan'uwansu, kuma ya ɗauka cewa ikilisiya tana da masu hikimar da za su yanke magana da gaske. Idan mun hana mutum kotu ba mu kuma ba shi adalci ba, mun rufe masa ƙofa biyu. Bulus ɗin nan ne ya nemi haƙƙinsa a Filibi, ya kuma ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar.

Mukan kawo labarin Ishaku da rijiyoyin Gerar a Farawa 26 domin koyar da haƙuri. Amma surar ta nuna Ishaku ya riga ya zama attajiri, yana da bayi da za su haƙa wata rijiya, yana da filin da zai matsa. A Farawa 13 ma, Ibrahim, wanda shi ne babba, shi ya bar wa Lutu zaɓi. A labaran biyu mai ƙarfi ne ya sassauta. Mu kuwa mukan karanta su ga wanda ba shi da inda zai matsa.

Labarin da ya fi kama da Kadawa yana Ayyukan Manzanni sura 6. Gwaurayen masu jin Helenanci ne rabon yau da kullum ba ya isa gare su, wato su ne na wutsiya. Manzanni ba su ce musu su yi haƙuri ba. Sun sake tsarin rabon, jama'a suka zaɓi mutum bakwai, kuma dukansu sunayen Helenanci gare su. Haka nan tuban Zakka mai karɓar haraji, a Luka 19, ya zo tare da mayar da abin da ya ƙwace.

Akwai wani kuskure kuma. A inda masu bi 'yan kaɗan ne, fasto yakan ji nauyin biyu: ko ya matsa wa ɗan ikilisiyarsa ya janye domin kada a ce Kirista na neman fitina, ko ya tsaya masa ko da shi ne mai laifi. Duka biyun suna mayar da rigimar ruwa ta zama ta addini. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka taɓa zama abokan gāba a Kaduna kafin su fara aikin sasantawa tare a 1995, sun nuna amfanin shiga irin wannan magana mutum biyu, kowa yana iya faɗa wa nasa gaskiya.

Abin da muke ba da shawara

Kafin a zauna, a je gonar. Mai sulhun da bai taka bakin magudana ya ga wa ke kai wa ke wutsiya ba, da ka yake magana.

A raba magana biyu, ta zagi da ta asara. Gafara ta shafi ta farko. Ta biyu tana bukatar a ƙiyasta abin da ya lalace, a faɗi wanda zai biya da ranar biya.

A fara da abin gaggawa. Ruwan gobe da safe ya riga tarihin wanda ya fara laifi.

A ga mai rauni shi kaɗai tukuna, a bar shi ya zo da wanda zai tsaya masa, a kuma faɗa masa a fili cewa yana da ikon ƙin yarda, kuma kotu tana nan.

A rubuta abin da aka shirya da Hausa, da shaidu daga ɓangarorin biyu, a kai kwafi ga mai unguwa da shugabannin ƙungiyar ruwa, a sa ranar da za a dawo a duba.

Idan muna da gona, ko dangi, ko mai ba da baiko mai yawa a cikin maganar, mu janye mu nemo wani.

Idan rigima iri ɗaya ta dawo sau uku da mutane daban-daban, a daina kiran mutane ɗaiɗai. A kai maganar inda ake tsara jadawali.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Ku tuna sulhu na ƙarshe da kuka jagoranta. Wa ya tashi da asara, kuma an ambaci asarar a zaman?

2. A garinku, su wane ne na wutsiya wajen ruwa, ko gona, ko gado, ko rabon taimako a cikin ikilisiya?

3. Wane irin lamari ne za ku ƙi sasantawa, kuma wurin wa za ku kai shi? Ku rubuta amsar tun kafin ranar ta zo.